Ni ne asalin "tsayuwar safiyo"

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren yayana ba, ko da na so, domin mutanen Guri sun hana ni. Har yau idan jaki ya turje, ko ciniki ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai ka ji an ce "ya yi tsayuwar safiyo". Kwanan baya na ji wani malamin makaranta yana bayani wai an samo maganar ne daga yadda ma'aunan ƙasa ke daɗewa tsaye suna leƙen na'urarsu. Allah ya ba shi haƙuri, ba haka ba ne. Ni ne safiyon.

Zamanin Turawa ne. Na gama elementare a Haɗeja, aka ɗauke ni aikin riƙe wa wani Baturen safiyo sandar awo. (Riƙe sanda kawai, amma a gida na bari ana ɗauka ni nake auna ƙasar Bature yana rubutawa.) Na sami kaki, na sami takalmi, na sami ɗan littafi a aljihu. Girman kai kuwa ba a magana.

Amaryar 'yar wani ƙauyen masunta ce a ƙetaren fadama. Ubanta, Malam Modu, dama yana ganin mu 'yan birni mun raina su, don haka ya ce a zo bayan Azahar, in La'asar ta yi ba mu iso ba, to a bar maganar. Aka ɗora mini kwandon goro, aka haɗa ni da Kawu Bukar, waliyyin ango, muka shiga kwalekwalen wani dattijo, Baba Ɗan'azumi.

Da muka zo inda ruwa ya rabu biyu, Baba ya karkata zuwa doguwar hanya mai zagaye. Ga ƙauyen nan muna hangowa ta ɗaya hannun. Na ce ya miƙe.

Ya ce, "Malam, wancan ruwan ya kwanta. Dubi ganyen can, tun ɗazu bai motsa ba. Ƙasansa taɓo ne."

Na zaro littafi. Na ce, "Baba, da hannuna na auna wurin nan. Tsayin mutum biyu ne."

"Yaushe?"

"Da damina."

"To yanzu shinkafa ake yanka."

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, bar mai jirgi da jirginsa." Ni kuwa na ce abin da aka rubuta ba ya canzawa, har na ambaci sunan Bature. Baba ya dube ni, ya dubi kakina, ya juya kan jirgi zuwa inda na ce.

Ba mu yi nisa ba jirgi ya cije. Baba ya dafa sanda ya tura, sanda ta nutse ta ƙi fitowa. Don in nuna abin ba komai ba ne, na ɗauki kwandon goro a ka na ce zan ƙarasa da ƙafa. Taku uku na yi. Na huɗu taɓo ya kama ni har cinya, ruwa ya kawo mini ƙirji. In na ja dama, hagu ta ƙara shiga. Na tsaya cak, hannu biyu a kan kwando, rana tana sauka.

Matan da ke yankan shinkafa a gefe suka ajiye lauje. Ɗaya ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Awon ne?"

Masunta ne suka cece mu. Suka zo kan manyan gorunan da suke hawa su kama kifi, suka kwantar da Kawu ruf da ciki a kan ɗaya, da babbar rigarsa da rawaninsa, suka tura shi gaci yana salati. (Har ya rasu bai daina tuna mini ba.) Wani ya ɗauke kwandon daga kaina. Ni kuwa aka ce sai an nemo igiya, kuma lokaci ya ƙure.

Malam Modu ya fito bakin ruwa da liman da jama'a. Ya daɗe yana kallona. Na tabbata na kashe wa yayana aure. Sai ya ce, "A shimfiɗa tabarma nan. Ƙanen ango ya yi tafiya mai nisa, kada a ɗaura babu shi."

Nan aka ɗaura. Da liman ya ce, "Kun shaida?" kowa ya juyo gare ni. Daga cikin taɓo na ɗaga murya na ce, "Mun shaida."

Mutum shida suka ja ni. Na fito, takalman Bature suka zauna, suna can har yau. Baba Ɗan'azumi ya miƙo mini littafina da ya tsamo a ruwa, ya ce, "Gyara lissafin, Malam. Tsayin rabin mutum ne."

Na roƙe shi gafara a wurin, ina sake roƙo yanzu da ba ya duniya. Tun daga ranar, in mai jirgi ya ce ruwa ya kwanta, littafina yana zama a aljihu, ni ma ina zama a jirgi.