Ranar da Ajina Ya Karanta Allon da Babu Komai a Kansa

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya ɗauke mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da mai duba makarantu ya shigo ajina ba. Zamanin Turawa ne, a wata ƙaramar elemantare tsakanin Kankia da Kusada. Aji biyu ne kacal gare mu. Ni malamin addini ne, aikina in koya wa yara alwala da gajerun surori. Ajami kuwa, alhamdu lillahi, ko cikin barci aka tashe ni zan rubuta. Boko ne dai muke gaisawa daga nesa.

Da damina ta faɗi, malamin aji ɗaya ya kwanta ciwo aka kai shi gida. Hedimasta, Malam Iro, ya roƙe ni in riƙe ajin kafin a aiko wani. (Malam Iro a gabana ya sauke Alƙur'ani, don haka ko a makaranta ba ya tsallake inuwata.) Na ce ai karatu karatu ne, wanda ya koyar da izu sittin ba zai kasa da jaki da rafi ba.

Na kwafo layuka daga littafin karatu na zuba a baƙin allo: Tanko ya kai jaki rafi, jaki ya sha ruwa, Tanko ya koma gida, da sauransu har ƙasa. Sai na bi ƙa'idar da na tashi a kanta, wato ba a wanke allo sai an haddace abin da ke kansa. To a makarantar allo kowane yaro da allonsa. Nan kuwa allo ɗaya ne na kowa, saboda haka na yanke cewa ba za a goge ba sai na ƙarshensu ya riƙe. Haka Tanko da jakinsa suka zauna a allon nan tun shuka har gero ya fitar da kai.

Wata rana Malam Iro ya leƙo, ya daɗe yana kallon allon.

“Allah gafarta Malam, wannan jakin bai ƙoshi da ruwan ba har yanzu?”

Na ce, “Iro, gaggawa ba ta karatu.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ne, Malam,” ya fita.

A shekarar ne aka yi mana alkawarin aji uku, in mai duba makarantu ya gamsu da karatun yara. In bai gamsu ba, waɗanda suka gama aji biyu sai dai su riƙa takawa zuwa Kankia, kuma kowa ya san iyaye ba za su bari ba, gona za su mayar da su. Malam Iro har ya rame kan maganar nan. Ni kuwa hankalina kwance, don ajina in suka ɗauki Tanko har masu noma a bayan makaranta sukan amsa.

Mai dubawar ya zo daga Katsina a kan keke, wani dogon malami mai magana a hankali. Ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi sandar nuni, ya ce yara su karanta. Na tsaya gaban aji, na ba allo baya, na rufe ido. (Haka nake sauraron hadda tun ina saurayi, kunne ya fi ji in ido na rufe.) Suka ɗauka da murya ɗaya, har da rausaya. Suka kai ƙarshe ba tuntuɓe. Ya ce su sake. Na ji daɗi har cikin raina, na ce lallai mutumin nan ya san abu mai kyau.

A zagaye na biyu sai kunnena ya ji murya ɗaya ta ɓace. Na san ta, ta Lado ce, ɗan wani makiyayi da ke zama a layin gaba. Ban buɗe ido ba, na ɗaga hannu, aji ya yi tsit.

“Lado, mi ya rufe maka baki?”

“Malam, ai babu...”

“Babu mi? Ba ka da ido? Dubi allo, ga shi nan a rubuce!”

Na juya da ƙarfi ina nuna allon da yatsa, sannan na buɗe ido. Baƙi ƙirin. Babu Tanko, babu jaki, ko ɗigon rafi babu. Mai dubawa na tsaye da tsumma a hannu ɗaya, ɗayan kuma yana bin wurin da babu komai da sanda, layi layi. Ashe tun ƙarshen zagayen farko ya goge. Duk ajin Lado kaɗai ke kallon allo, shi ma yayansa na aji biyu ne ya koya masa haruffa wurin kiwo.

Na tsaya da yatsa a sama. Malam Iro a bakin ƙofa ya kama tari irin wanda ba na mura ba. Mai dubawa ya ce, “Malam, yaran nan Allah ya ba su kai. Saura a ba su ido.” Sai ya dubi hedimasta ya ce, “Kai kuma ka gani tun tuni, ko?”

Malam Iro ya ce, “Ranka ya daɗe, malamina ne.”

“Na sani. Su ma ɗiyan mutane ne.”

Ba a ba mu aji uku a shekarar ba. Cikin waɗanda suka gama aji biyu, kaɗan ne suka jure hanyar Kankia, sauran suka koma gona, kuma har yau in na gamu da su nakan ji nauyi. Da rani na sa Malam Iro ya zaunar da ni kan benci bayan an tashi, ya koya mini boko harafi harafi, na ce in na yi kuskure ya faɗa, kada ya ce “haka ne”. Shekara ta zagayo muka sami aji ukun.

Sunan da aka laƙaba mini dai bai goge ba. A kasuwar Kankia har mai nama yakan ce, “Malam Ga-shi-a-rubuce, na nawa za a yanka?” Tun daga ranar nan, ko jikana ne zai biya mini Fatiha, idona biyu a buɗe nake sauraro.