Callum Ya Yi wa Sunaye Ɗari Tara Aski

"Lafiya lau, Kaka... kai, ba lafiya ba," in ji Callum. Ya dire kwamfutarsa a teburin kicin, ko takalmi bai cire ba.

Kaka Doreen ta leƙo shi ta saman tabarau. Shekara talatin ta yi a Toronto tana rubuta irin manhajar da layi ɗaya ke juya jerin bayanai gaba ɗaya, kuma ita ta cusa wa jikan nata son sana'ar. Yau kuwa gogan naka a tsorace yake.

"Mijin banza, sai ta kwaɓe maka kake tuna kana da mata. Me ka ɓata?"

"Sunayen ɗaliban kwalejinmu ne, ɗari tara, na takardun kammala karatu. Ƙarfe sha biyu maɗaba'a ke jira. Na so in gano waɗanda aka maimaita, sai na mayar da jerin duka ƙananan haruffa."

"Haka ake yi. A kan kwafi dai ko?"

Callum ya girgiza kai.

"A kan asalin? Wannan ƙaton kan naka, kabewa ce ashe!"

"Ji tsohuwa! Ke da kwamfutarku ta dā sai an hura mata itace take tashi. Harafin farko kawai zan ɗaga wa kowa."

"Ɗaga mana. McAllister da deVries, masu babban harafi a tsakiyar suna, su zo da iyayensu su tarar ka raɗa musu sabon suna. Watanka nawa a aikin nan?"

"Biyu."

"To ba za ka ga na uku ba."

Ya dubi agogon bango, sha ɗaya da kwata. 

"Kaka, don Allah. Mutuwa zan yi."

"Mutu, in auri mai hankali. Yaushe rabonka da adana aikin?"

Tambayar da ya fi tsoro ke nan, don ya san ta a kan wannan, ba ta ɗaga ƙafa. Ya sunkuyar da kai.

"Jiya da yamma. Yau na manta."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Tsohuwa ta bushe da dariya har da tari. "Janye hannunka daga nan, kada ka taɓa komai! Ɓarnar taka ba ta kai ma'aji ba. Lalacinka ne ya cece ka."

Ta jawo kwamfutar, ta buɗe ajiyar jiya da yatsa biyu. Sunaye suka dawo cif, kowane da manyan haruffansa.

Callum ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Na sara miki, uwargida. Kek ɗin Lahadi a wuyana yake."

"Mai zabibi, kuma ba na kanti ba." Ta turo masa kwamfutar. "Yi kwafi ka aske shi son ranka. In ka gama kuma ka adana, ragon banza."