Ranar da Na Mayar da Baba Saniya

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori, wata katafila ta banke saniyar Baba ɗaya tilo a hanyar Maradun. Baba ya ce a nemo tafinta a kai ƙara. Na ce ina raye? Ni da na gama aji bakwai!

Muka dunguma wurin Baturen aikin, ni gaba, Baba da dattawa baya. Tafe nake ina bitar "my father's cow", wato saniyar babana. Sai na ga ɗan "s" ɗin nan na mallaka Turancin malalata ne, gara in buɗe shi ya koma "is", ya yi nauyi.

Na gyara hula na ce, "My father is cow! You kill!"

Bature ya dubi Baba, ga mutum tsaye da ransa. Direbansa ya riƙe ciki, ya fassara wa jama'a.

Baba ya juyo. "Ni as saniya? Abin da ka koyo ke nan?"

Bature ya shige mota yana dariya. Saniya ta tafi a banza.

Yau kaina fari fat, amma ko jiya da na ratsa kasuwar Mafara, wani mahauci ya ɗaga murya: "Maraƙi, an yaye ka kuwa?"