Yadda Randagi Ta Ci Talabijin Da Gayya

"Kai, mai jar hula! Mene ne ofsayid?"

Ni ne mai jar hular, jama'a, naku Abarshi. Ina tsaye a gaban Mai Girma Uban Jarrabawa, wanda ya taso takanas daga Kaduna, gumi yana bin bayana kamar na ɗauko damin dawa. Mutanen Randagi sun yi cincirindo a tagogin ajin yaƙi da jahilci, suna jira su ga ko zan ceci garin ko zan kayar da shi. Na dubi rufi, na dubi ƙasa, sai na faɗi gaskiya, don ita kaɗai ta rage mini.

"Ranka ya daɗe, wannan a shafin Enoch take. Ni shafi na huɗu aka ba ni."

Kafin ku yi mini dariya, ku ji mafarin zancen. Wata uku kafin wannan ranar manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka tashi da tausayinmu. Sun duba sun ga ba gada a rafinmu, ba rijiyar kirki, ba wutar lantarki, takin zamanin da aka yi mana alkawari tun gemuna yana baƙi har yau yana hanya. Suka yi nazari mai zurfi, suka gano ainihin ciwon: ba mu san Turancin wasanni da na talabijin ba. Nan da nan aka aiko da littafi mai shafi ashirin da biyu, da sanarwa cewa za a yi gasa tsakanin Randagi da Tabanni da Damari, garin da ajinsa ya fi iya kalmomin shi za a ba talabijin.

A cikinmu Mamuda direba ne kaɗai ya taɓa ganin talabijin, shi ma ta gilashin kanti. Ya ce rediyo ne da aka fasa wa taga. Amma fa a ce Tabanni ta samu mu ba mu samu ba? Gara mu tashi daga garin.

Matsalar ita ce littafin guda ɗaya tal aka ba kowane gari, ga damina ta kankama, kowa yana gona. Malama Martha, malamar ajinmu, ta juya littafin ta ce kalmomi ɗari uku ba za su shiga kan manomi ba kafin a gama noman biyu. Sai Hajjo mai daddawa, wadda ta girme mu duka, ta gyara zama.

"Ke 'yar nan, in gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, me ake yi?"

"Gayya, Inna."

"To kwance littafin."

Aka cire wayar da ta ɗaure shi, mu ashirin da biyu kowa ya kama shafinsa, kamar yadda kowa ke kama kunyarsa ranar gayya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ni na sami dambe da kokawa, wato bokisin da resilin. Kakana ya karya haƙoran mutane a dandali ba tare da ya san nokawut yake yi ba, ni kuwa sai da takarda. Hajjo ta sami shafin talabijin, ta dinga yi wa awakinta tsawa da niyus da dirama da sikirin. Enoch maƙwabcina ya sami ƙwallon ƙafa, kuma tun daga ranar ban huta ba, don gonakinmu iyaka ɗaya.

"Abarshi, ka san rafali?"

"Ba a shafina yake ba."

"Alƙali ne mai usur. Nan take yake yanke hukunci, ba ya cewa a dawo wata mai zuwa."

"To wannan kam ba a ƙasar nan aka haife shi ba."

Babu wanda ya gaya mana cewa a birni mutum ɗaya ake tambaya komai. Shi ya sa da na ambaci shafin Enoch, Mai Girma ya sauke tabarau. Mutumin nan da motoci uku ya zo, ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa, ɗaya ban san ta mene ne ba, alhali Mamuda kwana biyu ya yi a layin mai a Birnin Gwari kafin ya sami galan ɗaya.

"Shafin wa? Jarrabawa muke yi ko rabon gado?" Ya juya kan Hajjo. "Ke Baba, mene ne nokawut?"

"Na Abarshi ne, ɗan nan. Ni ba na shiga gonar mutane."

Ya rufe fayil, ya zaro alƙalami. Na ga Malama Martha ta kama bakin tebur, idonta ya kawo ruwa. A zuciyata na ji har an fara kiɗa a Tabanni. Sai ga Enoch ya miƙe, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, a shafina akwai kalmar da ake ce wa tim. Mutum goma sha ɗaya ne, kowa da wurinsa. Gola yana tsaye a raga, ba ya bin ƙwallo har gidan abokan gaba, kuma ba a ce masa rago. Littafinku ne ya faɗa, ba ni ba. Mu tim ne. Ka bugo mana, ka ga ko za ta shige."

Mai Girma ya buɗe baki zai yi faɗa, sai aka yi tsawa daga wajen daji. Ya leƙa taga, ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya tuna rafin nan da ba shi da gada. In ya cika, a Randagi zai yi kwana biyu yana cin tuwon dawa da miyar kuka. Ya buɗe fayil da sauri.

"Ofsayid!"

"Satar gida!" in ji Enoch.

"Nokawut!"

"Dukan da ba a tashi!" Ni ke nan, har da ɗaga hannu.

"Dira..."

"Wasan kwaikwayo!" Hajjo ba ta ma bari ya ƙarasa ba.

Haka ya yi ta bugowa muna tarewa, ko ɗaya ba ta shige ba. Ya rubuta Randagi ta ɗaya, ya yi tsalle ya faɗa mota, ɗigon farko yana sauka.

Ranar ba da kyauta muka yi ɗango zuwa Birnin Gwari da makaɗa. Wani Mai Girman da ya fi na farko tumbi ya yi jawabi na awa biyu a kan adalci, sa'annan ya nuna mana shi a aikace. Randagi ta ɗaya, talabijin. Tabanni ta biyu, janareto. Damari ta uku, eriya. Muka tafa har tafin hannu ya yi zafi. Wa zai ce manyanmu ba su iya rabo ba?

Yanzu akwatin yana kan teburin aji, Hajjo ta lulluɓe shi da zanen bikinta. In an yi sallar la'asar sai a yaye, mu zauna mu ga fuskokinmu a gilashin. Hajjo ta ce a shafinta wannan shi ake kira furogiram, wato shiri, kuma har yau ba a taɓa katse shi ba. Mun aika Tabanni aron janareto, suka ce mu kawo talabijin. Mutanen Damari kuwa na ji zakarunsu sun sami wurin cara mai tsawo.

Ina cikin rubuta muku wannan da safen nan sai ga wani baƙo a kan babur, taɓo har gwiwa, fayil a hammata. Ya ce daga Kaduna yake, ya zo karɓar rahoton shirye-shiryen da muka kalla a watan nan, da Turanci, kwafi uku, in babu a mayar da akwatin don ba a amfani da shi. Na ce maraba da baƙo. Na ba shi ruwa, na ajiye masa kujera a sahun gaba, na yaye zanen Hajjo, na ce ya fara kallo tukuna. In ya ga wani abu, ya gaya mana sunansa da Turanci.