Turaren da Na Gano a Tsakanin Taurari

Bayan na gama digiri na uku na samu aiki a wani ɗakin bincike a Doha. Aikinmu mu zuƙe iskar wata tukunyar ƙarfe, mu daskarar da ƙanƙara a kan ɗan faranti a ciki, mu ga irin sinadaran da ke haɗuwa a kanta, kamar yadda suke yi a kan ƙurar da ke tsakanin taurari.

Wata Asabar na taso daga walimar suna a Mesaimeer, inda aka zagaya da turaren wuta na tara hannu da riga har sau biyu. Na biya ɗakin bincike na sauya farantin. Safar hannu tana aljihuna, amma na ce ai aikin minti ɗaya ne.

Washegari na'ura ta nuna wani sinadari da ba wanda ya taɓa gani a ƙanƙarar samaniya. Mako uku ina bin sawunsa. Na ce wa matata ta fara sabawa da 'yan jarida. Har kwat na saya.

Ranar da na gabatar wa shugabarmu da sakamakon, sai Malam Bitrus, mutumin Jos da ke kula da na'urorin, ya ciro farantin ya shinshina.

“Dakta,” ya ce, “wannan tauraron naka, a wane shago ake sayar da shi?”

Shugaba ta ce, “Khalas, shi ke nan, a wanke tukunyar.” Kwana goma ina wanki.

Har yau idan na shigo, Bitrus ba ya ɗago kai. Sai ya ja hanci ya ce, “Taurari sun iso.”