Motar Tukur a Gayaunar Hure

Motar Tukur ta shiga gayaunar Hure ta tattake mata kunyoyi goma sha ɗaya na gyaɗa, ranar Talata da la'asar, a kan hanyar Gafasa. Gyaɗar ta fara fure. Hure ce ta shuka ta da hannunta, ita ta yi mata noman fari da maimai, babu wanda ya kama mata. Kafin magariba labarin ya gama unguwa, don ita da kanta ta bi gida-gida ta kai shi. Abu ɗaya ta riƙa tsallakewa: lokacin da abin ya faru tana cikin motar, a gidan gaba.

Tukur taubashinta ne, ɗan Kawu Bilya yayan mahaifiyarta. Bakanike ne a Kano. Ya sayi wata jar mota, ya cire mata inji ya sa wanda ya fi ƙarfinta, ya yanke salansa, in ya shigo Gaya sai awaki su watse. Da Kawu Bilya ya ji ɓarnar, ya karɓe mukullin ya jefa a aljihu. Ya ce su zo su biyu ranar Laraba bayan azahar, in laifin Tukur ne motar ta bar garin ke nan.

Da hantsin Laraba Tukur ya yi sallama, a ƙafa. Ya tarar da Hure a tsakar gida tana kankare taɓo daga takalmin da ta je suna da shi Toranke jiya, a motarsa.

"Lafiya lau, direban gona," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ya gajiyar huɗa?"

"Gajiya ta bi lafiya, shugabar mata. Ya wuyan?"

"Wuyana na nan inda Allah ya ajiye shi. Yau da ƙafa ake? Ashe kana da su."

"Baba ya ara mini, ya ce in gwada."

"To gwada su zuwa ƙofa. Ba na karɓar baƙi masu kashe gyaɗa."

Tukur ya jawo turmi ya kifa ya zauna. "Yaya Hure, na zo mu daidaita bakinmu kafin azahar. Me za ki gaya wa Baba?"

"Abin da kowa ya sani. Mahaukaci ya ɗauko mahaukaciyar mota, ya ga gonaki ɗari a hanya, ya zaɓi ta marainiya."

"Marainiya mai jikoki uku."

"Maraici ba ya tsufa. Ni na goya ka, Tukur, ka yi mini fitsari a baya har sau nawa ban kai ƙara ba. Yanzu ka girma ka koma yi da taya huɗu."

"Taya biyu. Na baya ne suka zame. Kin san me ya sa suka zame?"

"Ni bakanikiya ce?"

"Jiya dai ke ce. Muna shiga laka 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa ta fara ƙyaftawa, mai hoton mota da macizai biyu a ƙarƙashinta. Kika ce mene ne. Na ce miki abin hana santsi ne, in ƙwaƙwalwar motar ta ji taya na zamewa sai ta rage wuta da kanta. Me kika ce?"

Hure ta ƙara wa takalmin ruwa. "Ban tuna ba."

"Kika ce ashe motar ce ke tuƙa ni. Kika ce jakin Kawu ya fi ta zuciya. Kika ce duk ƙugin nan na banza ne, ni da ita duk matsorata."

"Wasa ne. Taubashiya ba za ta yi wasa ba?"

"Sai na nuna miki maɓallin, nan kusa da giya. Na ce da shi ake kashewa, amma sai a fili busasshe inda ba kowa. Ban gama rufe baki ba fitilar ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, alamar an kashe shi."

"Jakata ce ta taɓa shi."

"Jakarki."

"Da goron suna a ciki, tana da nauyi."

"Yaya, maɓallin nan ba ya mutuwa da taɓawa. Sai an danne shi an riƙe, an ƙirga biyar. Haka aka yi shi don kada jakar wata ta kashe mutane. Jakarki ta iya ƙirga?"

"Jakar 'yar sakandare ce."

"Kuma jakar ce ta ce mini 'ba ta wuta mu gani'?"

Hure ta ajiye takalmin. Ta dubi ƙofar ɗaki, ta dubi katangar maƙwabta, ta rage murya. Abin da ke cin ta ba gyaɗar kaɗai ba ce. Bara ita ce ta rubuta wa mai unguwa takarda shafi biyu a kan samarin da ke wasan mota a wajen biki, ta karanta ta a gaban matan Islamiyya, aka yi mata kabbara. Tun daga ranar ake ce mata shugaba.

"To kai da ka ji an ce ba ta wuta, dole ne ka ba ta?" in ji ta. "In na ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa? Ƙafar wa ke kan totur?"

"Tawa. Wannan na ɗauka. Na so ki daina ce mini matsoraci."

"Ai ka ga na daina. Yanzu sakarai nake cewa."

"Sakarai biyu, mota ɗaya. Ta yi katantanwa da mu sau biyu."

"Uku. Ni na ƙirga, kai idonka a rufe yake kana kiran Inna."

"Salati nake."

"Da sunan Inna a ciki? Ƙato da gemu. Kuma duk faɗin ƙasar Gaya motar ba ta ga inda za ta huta ba sai gayaunata. Har kunyar da na fi ji da ita, ta bakin hanya, wadda nake nuna wa mutane."

"Ta san mai ita ce. Ta kai ki gida."

Hure ta ɗaga takalmin kamar za ta jefe shi, ya kare kansa da hula.

"Yaya," in ji shi daga bayan hular, "shekara biyu ina haɗa motar nan. Duk daren sallah ina ƙarƙashinta. In kika ce ni kaɗai ne, Baba ba zai sake ba ni mukullin ba, kin san shi. Ni kuma ba zan tona ki a gabansa ba. Ke ce babba."

"Yau ka san ni ce babba."

"Sai dai in ya ce in rantse. In ya ce in rantse, dole in faɗi har maganar da kika yi da motar ta tsaya."

"Ban ce komai ba."

"Ɗankwalinki na kan sitiyari, taɓo har gilashi, gyaɗarki a ƙarƙashinmu. Kika juyo kika ce mini, 'Ashe haka abin yake da daɗi.'"

Hure ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska. Ta cije leɓe, ta kau da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Dariyar ta ƙwace mata har ta dafa ƙasa, hawaye na zuba.

"Allah ya shirye ni," in ji ta da ta samu numfashi. "Shekara arba'in da bakwai, shafi biyu na rubuta. Wallahi da ba gonata ba ce da na ce ka sake."

"In faɗa wa matan Islamiyya?"

"Ka faɗa in kashe ka in yi zaman makoki da sabuwar atamfa." Ta share ido da gefen zani. "To ji nan. Zan gaya wa Kawu yatsana ne, ni na danne, ni na ƙirga biyar ɗin. Zai yi mini faɗan da bai yi mini ba tun ina 'yar aji uku, in shanye. Amma maganar daɗi ta mutu a nan tsakar gidan."

"Ta mutu."

"Gobe da sassafe ka zo da garma, da waɗannan ƙafafun na aro. Kunya goma sha ɗaya za ka tayar mini, lokacin gyaɗa ya wuce, wake za ka zuba. Ni ina inuwa ina ba ka wuta."

"Na yarda, ranki ya daɗe."

"Ban gama ba. In ka koma Kano ka nemo mini lambar waɗanda suka ƙera motar nan. Su zo su gaya mini wane mai hankali ne ya dasa wannan maɓallin daidai hannun fasinja. Su ɗauke shi su mayar can ɓangaren direba, inda mutuniyar kirki ba za ta kai ba."