Rasuwar Hajiya Fara, Mai Mayar da Tsohuwa Yarinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Allah ya hukunta, ni Rekiya, wadda yara ke ce wa Iya ta Bakin Kanal, a madadin jikokina Mudassiru da Rauda, ina sanar da mutanen Kura da Bunkure da Kadawa, da marubutan littafi na birni, cewa Hajiya Fara ta cika. Wanda bai san ta ba, komfutar Mudassiru ce, wadda yake zana bangon littattafai da ita a shagon ƙofar gidanmu. Ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar. Ni ban yi boko ba, faɗa nake Rauda tana rubutawa. In kun ga ƙarya, a hannunta ta shiga.

Marigayiya 'yar Kwatano ce. Ta yi aurenta na fari a Turai, aka sako ta, ta zo mana bazawara a bayan mashin, an ɗaure ta da roba kamar kwandon tumatir. Ban taɓa jin ta yi gorin ƙasar da ta baro ba. Da safe in an tashe ta sai ta ce tin-ni-nin, ta yi shiru, ta sake yin wani tunani mai tsawo, kana ta buɗe ido. Mudassiru yana cewa nauyi ne da ita. Na ce kai ma in ka kai shekarunta ka tashi da gudu mu gani.

Mace ce mai haƙuri. Ba ta cin tuwo, ba ta neman anko, ɗan fetur kawai a janareto, shi ma rabawa suke da injin ban ruwa. Matan birni masu rubuta littafi su buga da kansu sun sha zuwa wajenta, wata ta ce a ƙara wa jarumarta haske, wata ta ce sunanta ya yi ƙanƙanta, a yi shi yadda mai wucewa a mota zai karanta. Duk ta yi musu, ba ta taɓa tsaki ba.

Ita ta koya wa Mudassiru sana'a, da duka. Bangon farko da suka kai gidan buga littafi, wuƙar yanka takarda ta fille wa jarumin kai, ya fito ba hula ba goshi. Daga nan ya san ana barin gefe saboda wuƙa, kamar yadda ake barin hanya a bakin gona saboda shanu. Na biyu kuma ja ne a gilashinta kamar nunannen tumatirin Kadawa, da aka buga ya fito kamar kauɗar bara. Sai ya gane launin gilashi daban, launin tawada daban. Haka ya koyi auna ƙashin bayan littafi da kaurin takarda, don kada suna ya zamo ya faɗa baya. Ni duk a ƙofar shago na ji wannan karatun, ina tsinar shinkafa.

Amma babban aikinta, wanda ko ba ta yi komai ba ya ishe ta, shi ne wanda ta yi mini.

Rauda ta rubuta littafinta na farko, labarin wata yarinya mai tsinkar tumatir. Ta ce ba ta son fuskar 'yar Indiya da aka lanƙaya wa ɗankwali, irin na kasuwa, fuskar Kura take so. To ina fuskar? Duk gidan da aka shiga, uban yarinya ya ce 'yarsa ba za ta rataya a tasha kowane direba yana kallo ba. Ranar nan Mudassiru ya zuba mini ido ya ce, "Iya, ke wa zai hana?" Na ce, "Kai ne maigidan ai, in ba ka kishi shi ke nan."

Aka ɗauke ni hoto a bakin kanal da kwando a kai. Marigayiya ta karɓe ni. Ta goge tamoji ɗaya bayan ɗaya, ta ciko kumatu, ta mayar mini da haƙoran da goro ya ci, ta miƙe mini wuya. Da aka kira ni na leƙa, sai na ga wata yarinya tana kallona. Na ce wannan 'yar gidan wa ce, ba ta iya gaida manya ba? Jama'a, abin da man shanu da lalle suka kasa mini tun mutuwar kakansu, wannan baiwar Allah ta yi shi tsakanin azahar da la'asar.

Jinyarta gajera ce. Zafin bazara ya shigo, ga ƙurar buntu daga injin casar maƙwabta tana shiga mata hanci. Ta fara tari, ƙirr-ƙirr, tana huci ta baya, fuuu. Ranar Alhamis Mudassiru ya bar ta a kunne ya tafi masallaci, na taɓa jikinta na ji zazzaɓi, har da kakkarwa. Na yi mata abin da ake wa kowane mai zazzaɓi, na lulluɓe ta da bargo. Ta ce ƙit, ta yi ɗan hayaƙi, shi ke nan. Mudassiru ya ce bargon ne. Ni na ce ajali ne, kuma har yau ba a kawo mini wanda ya gan shi rubuce ba.

Dalilin da ya sa muka jinkirta sanarwa, wasiyya muka tsaya nema. Mai gidan buga littafi ya aiko cewa in bangon littafin Rauda bai iso ba kafin fastocin 'yan siyasa su hau inji, sai bayan zaɓe. Bangon kuwa yana cikin kan marigayiya, kan ya ƙone. Rauda ta zauna a ƙasa tana kuka, ni ma na taya ta, don yarinyar nan ta bakin kanal sau ɗaya na gan ta. Sai Mudassiru ya ce a yi shiru, ai ya kwafe shi a faifai, yana kan tebur. Aka duba tebur, babu.

Nan ya juyo a hankali ya ce, "Iya, ina faifan?"

To ku yi mini alƙalanci. Duk faifan da ya lalace, ni yake bar wa, in rataya a gonar shinkafata, ƙyallinsa yana korar tsuntsayen jan-baki. Na ga faifai a kan tebur, ga tsuntsu yana cin gumina. Wai ya yi rubutu a kai. Na ce rubutun da ka yi wa wa?

Washegari muka shiga gona, laka har gwiwa, faifai na ta walƙiya a kan igiya kamar ranar biki. Rauda tana kwancewa, shi yana karantawa. Ga wani an rubuta bango na ƙarshe. Ga wani, na ƙarshen ƙarshe. Ga wani, na ƙarshe in Rauda ta yarda. Ashe 'yar nan sau ba adadi ta sa aka sauya launin mayafina. Na gaskiyan yana can ƙarƙashin dalbejiya, inuwa ta rufa masa asiri, an rubuta masa na ƙarshe wallahi. Tsuntsu ya ɗan sa masa hannu, aka goge da gefen zanina. Mudassiru ya kai birni, ya buɗe a wata komfutar. Ya dawo da gwaji guda ɗaya, ja ya fito ja, wuƙa ba ta taɓa ni ba. Ran Litinin za a ɗora a inji.

Gwajin nan ya liƙa a ƙofar shago. Samari suna ta tambaya a wace unguwa yarinyar take. Sai ga Malam Dattijo mai gyaran injin ban ruwa, wanda furfura ta gama da shi, ya tsaya da kekensa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai Rekiya ce. Amma injinku ya yi kuskure, tana da wushirya." Ya hau kekensa ya tafi. Ni kaina na manta ina da ita.

Marigayiya ta bar ɓeranta mai dogon wutsiya, da allon madannai wanda haƙori biyu suka fita, da firinta mai yawan laulayi, da janareto wanda tun ranar bai ce uffan ba. Ta bar littattafai a Kasuwar Sabon Gari da tashoshi, duk da kayanta a jikinsu. Ta bar maraya guda, mai gemu, yana zaune a shago yana danna iska.

Game da jana'iza, na tambayi liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, kuma in daina ɓata masa lokaci. Saboda haka ba za a binne ta ba. Akwatinta an ba kazata mai kwanci, gilashin kuma na ajiye a ɗakina, ko da baƙi ne ina ganin kaina a ciki. Za a yi zaman gaisuwa gobe Asabar da hantsi a ƙofar shago, akwai dafa-duka da shinkafar da faya-fayanta suka tsare. Kowa ya zo da tabarmarsa, kada a zo da bargo, an ce maigidan ba ya son ganinsa.

Kujerar marigayiya mai juyawa kuwa, an ajiye wa Malam Dattijo. Ya zo da tabaransa, ya nuna wa Mudassiru daidai inda wushiryar take, a mayar mini da abata a komfutar birni kafin Litinin, tunda ashe shi ya tsaya ya kalle ta da kyau.